Sista Ƙarama a Ɗakin Killacewa

Shekara ashirin da uku ta yi tana aiki a asibitin nan, amma har furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hularta ba a daina ce mata Sista Ƙarama ba. Sunan ya samo asali ne tun ranar da suka zo kama aiki su biyu, ita da ƙawarta, kowacce da takardarta a hannu. Ƙawar doguwa ce sambal, ita kuwa sai ta yi ɗage kafin ta iya rataya ledar ƙarin ruwa. Mai gadi ya dube su ya ce, "To, ga Sista Babba, ga Sista Ƙarama." Shi ke nan suna ya bi su.

Mahaifinta direban babbar mota ne mai fama da asma. Tun tana 'yar shekara tara, idan ciwon ya motsa, ita ke zama kusa da shi tana yi masa fifita tana sauraron yadda ƙirjinsa ke fito. Nan ta koyi jin numfashi. Daga bakin ƙofa sai ta gaya maka wanda zai kai gobe lafiya da wanda ya kamata a kira masa likita yanzu-yanzu. Bayan rasuwarsa ta shiga makarantar koyon jinya, inda aka haɗa ta gado ɗaya mai hawa biyu da wannan doguwar yarinya. Doguwar gwanar takarda ce, ita kuma gwanar hannu. Ranar farko da aka kai su ɗakin tiyata doguwar ta yanke jiki ta faɗi, Ƙarama ce ta ja ta waje ta ce wa malamai ai ba ta karya ba ne. Daren jarrabawa kuwa doguwar ce ke ɗura mata karatu kamar ana ɗura wa yaro magani.

Haka suka taso. Ƙarama ce ta karɓi haihuwar ɗan farin Sista Babba da hannunta. 'Ya'yan wannan suna kiran waccan Mama, na waccan ma haka. Sista Babba ta yi ta tafiya kwas tana dawowa da ƙarin igiya a kafaɗa, har ta zama Metiron, shugabar duk ma'aikatan jinya. Sau biyu tana nema wa ƙawarta kujera a ofis, ita kuwa tana cewa, "Rufa mini asiri, Babba. Ni zama ciwon baya yake sa ni."

Mijin Sista Ƙarama kafinta ne, mutum mai sanyin magana da son zolaya. Suna da 'ya'ya mata biyu, babbar tana shekarar ƙarshe a sakandare, sai auta.

Annobar ta zo kamar mura. Mutum zai shigo da ƙafarsa yana tari da zazzaɓi, a ba shi magani ya tafi, bayan kwana uku a dawo da shi ranga-ranga yana kokawa da numfashi kamar kifin da aka jefo kan tudu. Kafin wata ya ƙare nas biyu sun kwanta, ɗaya ba ta tashi ba. Hukumar asibiti ta sa aka share wani tsohon gini da ke bayan ɗakin wanki, aka jera gado goma sha shida, aka ce nan ne ɗakin killacewa. Metiron ta tara ma'aikata ta nemi masu sa kai. Kowa ya duƙar da kai yana kallon takalminsa.

Da aka watse ta kira ƙawarta ofis ta rufe ƙofa.

"Ƙarama, idan ke kika ƙi, wa zan tura? Yaran nan da ko jijiya ba su iya nema ba?"

"Ina da 'ya'ya, Babba."

"'Ya'yanki nawa ne. Wallahi ina bayanki. Duk abin da kika nema ki faɗa mini kawai, ni zan tsaya miki. Kin taɓa ganin na juya miki baya?"

Ba ta taɓa gani ba. Ta koma gida ta haɗa kaya a ƙaramar jaka. Mijin ya bi ta da ido har ta zuge zif, sannan ya ce, "Na san tun kafin ki shigo kin riga kin amsa. Allah ya tsare."

Su biyar ne nas a ginin, da likita ɗaya mai zagayen safe, sai wata dattijuwa mai shara da kowa ke kira Baaba. Rigar leda suke sawa tun daga kai har ƙafa, ga takunkumi, ga tabarau, ga safar hannu biyu-biyu. Kafin awa ɗaya gumi ya taru a cikin takalmin roba, kana tafiya kana jin caɓal-caɓal. Tabarau ya yi ta yin hazo, sai Sista Ƙarama ta gano idan an goga masa sabulu ta ciki yakan ɗan jima. Takunkumin da aka ce na yini ɗaya ne sai su yi kwana huɗu da shi, har karan hancinta ya yi gyambo. Marasa lafiya ba sa ganin fuskar kowa, amma ita suna gane ta. Wani tsohon malamin makaranta da ke gado na bakwai ya ce, "Idan na ga buhu yana tafiya da kansa, na san Sista ce."

Ba ta zuwa gida. Wani ɗan ɗaki aka ba su a gefen ginin. Kullum da azahar mijin zai zo bakin wayar da aka kewaye ginin da ita, ya ajiye kwanon abinci a kan wani dutse, ya ja da baya taku goma, su yi magana da ɗaga murya kamar masu faɗa.

"Yaya yaran?"

"Lafiya lau. Auta ta ƙona tukunya, mun ci da haƙuri."

Bai gaya mata cewa masu kawo masa aiki sun ɗauke ƙafa ba, ko cewa idan 'yan matan sun je famfo mata sai su janye bokitansu. Daga baya ta ji.

Akwai doka a ginin: duk abin da ya shiga ba ya fita. Hatta takarda, in an gama da ita, Baaba ke haɗawa da shara ta ƙone a bayan gini. Saboda haka idan Sista Ƙarama tana da buƙata sai ta rubuta, ta manna takardar a jikin gilashin taga, Metiron ta zo ta waje ta ɗauki hotonta da waya.

Babbar buƙatar ita ce iska. Ciwon ba shi da wani magani da ya wuce a jona wa mutum oksijin har huhunsa ya farfaɗo. Suna da injin tace iska guda uku masu aiki da lantarki, sauran kuwa manyan tukwane ne na ƙarfe da mota ke kawowa sau biyu a mako. A mako na takwas motar ta koma zuwa sau ɗaya. Sista Ƙarama ta rubuta cewa idan wuta ta ɗauke ranar da tukwane suka yi ƙasa, za a yi asarar rayuka, a taimaka a ajiye musu ko huɗu na ko-ta-kwana. Ta manna a taga. Metiron ta ɗauka.

"Na ɗauka, Ƙarama. Yanzun nan zan kai wa shugaban asibiti."

Bayan mako ɗaya ta sake rubutawa. Bayan kwana biyar ta rubuta ta uku, har ta ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar gaggawa. Duk Metiron ta ɗauka, har ta yi mata dariya ta gilashi ta ce, "Rubutunki dai har yau kamar tafiyar kaza."

Ranar wata Alhamis, a mako na goma sha ɗaya, motar da ake jira da safe ba ta zo ba. Likitansu kuma kwana biyu ke nan yana kwance a gida, shi ma cutar ta kama shi. Wajen ƙarfe biyu na rana wuta ta ɗauke. Aka ta da janareto ya yi tari sau uku ya mutu. Injinan nan uku suka yi tsit. Mutum goma sha ɗaya ne ke kan iska, tukwane biyu suka rage, allurar ma'aunin kowacce tana gangarowa.

Ta kira Metiron. Sai a kira na biyar aka ɗauka.

"Babba, iska! Wuta ta tafi, tukunya biyu gare ni, mutum goma sha ɗaya."

Ta ji an ce, "Babu, Ƙarama. Sito wayam yake. Ki yi dabara, motar tana hanya."

Ta yi dabara. Ta yanke robar abin sauraron ƙirji, wadda ta rabu biyu, ta jona ta yadda tukunya ɗaya za ta ba mutum biyu. Ta sa aka buɗe duk tagogi, aka kifa kowa ruf da ciki. Nas biyu suka kama matsa jakar iska da hannu har yatsunsu suka ƙage. Mutum huɗu kawai za a iya ba wa a lokaci guda, sai ta riƙa zagayawa da su minti goma-goma, tana duba agogon bango. Baaba ta yar da tsintsiya ta ɗauki kwali tana yi wa mutane fifita tana salati.

Da tukunya ɗaya ta ƙare, zagayen ya daina yiwuwa. A gado na biyu akwai wata mai jego da ta bar jariri ɗan kwana ashirin a gida, leɓɓanta sun fara yin baƙi. A gado na bakwai malamin nan ne, robar iskar tana fuskarsa. Sista Ƙarama ta saurari ƙirjin wannan, ta saurari na waccan. Kunnenta bai taɓa yi mata ƙarya ba, ta san ko an bar masa tukunyar gaba ɗaya da wuya ya kai gobe. Ta kai hannu za ta cire. Ya damƙe wuyan hannunta da wani irin ƙarfi da ba ta zaci yana da shi ba, idanunsa a cikin nata. Bai iya magana ba. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ka yafe mini, Malam, ka yafe mini," ta kai robar gado na biyu.

Motar ta iso rana tana shirin faɗuwa. Kafin nan mutum huɗu sun cika: malamin, da wata 'yar kasuwa, da wani direban tasi, da wani dattijo da ɗansa babban jami'i ne a gwamnati. Mai jegon ta rayu. Sista Ƙarama ta rufe idanun mamatan da kanta, ta jona wa sauran sabbin tukwane, sannan ta fita bayan gini ta yi amai.

Da talakawa uku ne kawai, da an ce kwana ne ya ƙare. Amma ɗan dattijon ya ta da ƙura, aka kafa kwamitin bincike. Bayan mako uku aka kira ta. Ba ta ji tsoro ba. Har ta goge farar rigarta da kanta, ta ce wa mijin ta waya, "Gara ma a yi binciken, ko a gyara."

Ɗaki ne mai sanyin na'ura, da dogon tebur, gaban kowa da robar ruwa. Mutum biyar a zaune, ga shugaban asibiti, ga Metiron a gefensa da fayil a gabanta. An ajiye wa Sista Ƙarama kujera can nesa kusa da ƙofa. Shugaban kwamitin, wani mai tabarau a kan hanci, ya tambaye ta ko ta taɓa sanar da hukuma a rubuce cewa iska tana ƙaranci.

"Sau uku, ranka ya daɗe."

"Ina kwafin takardun?"

"An ƙone su, haka dokar ginin take. Amma Metiron ta ɗauki hotonsu duka a wayarta."

Ta juya tana kallon ƙawarta, har da ɗan murmushi, irin na wanda ya kawo magana inda za ta ƙare.

Metiron ba ta ɗago ba. Ta gyara fayil ɗin gabanta ta ce, "Ranka ya daɗe, ban tuna an nuna mini wata takarda a kan iska ba. Ofishina bai samu komai a rubuce ba." Ta sha ruwa. "Ma'aikaciyar tana da ƙwazo, ba a raba ta da wannan. Sai dai tun da can tana da halin yanke hukunci ita kaɗai ba tare da ta tuntuɓi na gaba ba."

Sista Ƙarama ta ƙura mata ido. Ta buɗe baki ta ce, "Babba?" a hankali, kamar mai tashin wanda ke barci. Mai tabarau ya ce ta riƙa magana da kwamiti kawai. Abin da aka tambaye ta bayan nan ba ta riƙe ba. Ta dai tuna an ce ko gaskiya ne ta cire wa majinyaci iska ba da umarnin likita ba, ta ce gaskiya ne. Aka rubuta.

Takardar dakatarwa ta fito bayan kwana biyu: sakaci da aiki, da wuce gona da iri. Ta yi mako biyu a killace a ɗan ɗakinta, sannan ta koma gida da jakar da ta zo da ita. Auta ta ruga ta rungume ta, ta tambaya me ya sa Mama Metiron ba ta rako ta ba. Uban ya ce, "Je ki ɗora ruwa."

Ta yi ta kawo wa ƙawarta uzuri a zuci. Ko an tsorata ta ne. Ko za ta zo ta yi bayani. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa. Wadda ta zo ita ce Baaba mai shara, ranar wata Lahadi da hantsi, da 'yan lemo a leda. Bayan gaisuwa ta matso kusa tana murza bakin zaninta.

"'Yar nan, akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Kin san ɗakin manya na saman bene, wanda aka gyara aka kulle, wai ko wani babba zai kamu? Washegarin ranar da wutar nan ta ɗauke aka aike ni in goge shi. Tukwane shida na tarar a jere a bayan ƙofa, da ledarsu a baki, ko buɗe su ba a yi ba. Na kasa motsa ko ɗaya don nauyi, zagaye su na yi da tsumma. Kuma ba kowa a ɗakin, gadajen ma da ledarsu."

"Wa ya buɗe miki ɗakin, Baaba?"

"Wa ke riƙe da makullin in ba Metiron ba?"

Daga saman benen zuwa ɗakin killacewa, ko da rarrafe aka turo tukunya ba za a yi minti goma ba. Sista Ƙarama ta tashi ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Daga baya Baaba ta ce a shirye take ta faɗa a gaban kowa, amma Sista ta hana ta, don ma'aikaciyar wucin gadi ce mai riƙon marayu, da baki kawai za a sallame ta. Ita ta rubuta wa kwamitin da kanta, ta ce a je a bincika. Ba a amsa ba. Ta sake rubutawa, aka ce an rufe fayil.

Wata rana a kasuwa tana zaɓen albasa, wata mata ta tsaya a kanta.

"Ke ce nas ɗin da ta cire wa mijina iska?"

Matar malamin ce. Labari ya riga ya zaga gari.

"Ni ce."

"Shekara talatin da biyar yana koyar da 'ya'yan mutane. Allah ya isa tsakanina da ke."

Mutane suka fara taruwa. Sista Ƙarama ta ajiye albasar ta wuce. Ba ta ga abin da za ta faɗa wa matar da zai rage mata zafi ba, kuma hannun da ya cire robar nata ne.

Annobar ta lafa. Aka shirya taron karrama jaruman da suka yaƙe ta, aka nuna a talabijin. 'Yan matan na zaune suka ga Metiron ta hau dandamali ta karɓi lambar yabo, tana cewa ba za ta manta da sadaukarwar 'yan'uwanta ma'aikatan jinya ba. Babbar ta fashe da kuka don takaici. Kafinta ya miƙe ya zare wayar daga bango, ya ce dama akwatin nan yana cin wuta.

Bayan wata tara aka aiko mata da takarda. Ba a ce an wanke ta ba. An ce hukuma ta dubi daɗewarta a aiki ta yi mata afuwa, tare da gargaɗi na ƙarshe a fayil ɗinta. Mijin ya ce ta yaga ta zauna, ba za su rasa abin ci ba. Ta ce in ta zauna, wancan rubutun shi ne zai zama ƙarshen labarinta a asibitin. Ta koma. Aka tura ta ɗakin allura na masu zuwa su tafi, wani ɗan matsattsen wuri mai benci a ƙofa, aikin da ake ba sabbin ɗauka.

Idan sun haɗu da Metiron a baranda takan ce, "Barka da asuba, Metiron," ta wuce. Sai da aka yi wata biyu a haka, ran nan da hantsi Metiron ta shigo ɗakin allurar ta tura ƙofa ta jingina da ita. Ta rame, kwalliyar fuskarta ba ta ɓoye ba.

"Ƙarama, har yaushe za mu yi ta haka? Ki fahimce ni. Umarni aka ba ni daga sama, aka ce ko me za a yi kada a taɓa tukwanen nan. Ranar kwamiti kuma shugaba ya kira ni tun da safe ya ce ko ni ko ke. Na ga ke dakatarwa ce kawai, za ki dawo. Ni na yi ta bin ofis-ofis har aka dawo da ke, ba ki sani ba."

Sista Ƙarama tana fasa kwalbar allura, ba ta fasa abin da take yi ba. Ta zuƙe maganin cikin sirinji, ta ɗaga ta ƙyasta shi da farce, sannan ta dubi ƙawarta.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Lokacin da na kira ki, kika ce mini babu, ina makullin yake?"

Metiron ta dubi ƙasa.

"Yana cikin jakata."

"To."

"Ƙarama, don Allah..."

"Akwai mutane a layi, Metiron. Ki ba su hanya."

Metiron ta buɗe ƙofa ta fita. Wata tsohuwa ta shigo tana ɗingishi da katinta a hannu, tana roƙon a yi mata a hankali don ita tsoron allura take ji. Sista Ƙarama ta zaunar da ita, ta tambaye ta jikoki nawa gare ta. Tsohuwar tana cikin lissafo su aka gama.

Shekara huɗu ta ƙara yi a ɗakin nan kafin ta yi ritaya. Ranar da za ta tafi ma'aikata suka haɗa 'yar ƙwarya-ƙwaryar walima, aka ce Metiron ce za ta yi jawabi. Sista Ƙarama ta miƙa makullin kabad ɗinta ga nas ɗin da za ta gaje ta, ta bi ta ƙofar baya inda kafinta ke jiran ta a kan babur, suka tafi gida.